Irin da Na Kashe da Hannuna

Na haura shekara hamsin kafin in fara zama a kan bencin makaranta. Ajin manya ne, ana yin sa bayan la'asar a wata firamare cikin Daura, kwana uku a mako, daga ƙarshen kaka har faɗuwar ruwa. Ƙauyenmu yana kan hanyar Zango, saboda haka babur ɗin haya nake hawa in je, in dawo kafin magariba. Karatun allo na yi shi tun ina yaro, boko ne ban yi ba, kuma na gaji da dangwala yatsa a takardar taki. Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a a jiharmu. Duk inda ka zauna maganar gaskiya da amana ake yi, a masallaci, a rediyo, har a rumfar masu awo. Ni kuwa maganar ta yi mini daɗi, domin tun asali ba na son abu a karkace.

Abu biyu ya kamata a sani game da ni, sannan in faɗi abin a jere yadda ya faru.

Na farko, an san ni da ajiyar iri. Gero, dawa, wake, amma musamman gyaɗa. Ni nake zaɓe da hannuna a kaka, in shanya, in cuɗa da toka, in sa a rumbu na dabam. Idan damina ta matso, mutane sukan zo daga ƙauyukan da ke kewaye da mu su nemi iri a wurina, kuma ba a taɓa dawowa an ce nawa bai fito ba.

Na biyu, ni ne mai gandun gidanmu tun rasuwar wana. Ni nake cewa ga ranar shuka, ga ranar noma, ni kaɗai nake buɗe rumbu. To a wannan shekarar gwiwata ta dama ta fara ƙi, har ba na iya hawa tsanin rumbu sai an riƙe mini. Na san dole in miƙa gandu ga wani. Mutum biyu ne a gabana: ɗana na fari, da ɗan wana, wanda na riƙa tare da mahaifiyarsa bayan rasuwar ubansa. Wata biyar ne tsakaninsu, kowa da matarsa, kowa da gayaunarsa, wato 'yar gonar da yake nomawa don kansa bayan an tashi daga aikin gandu. Ɗana mai magana ne, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa. Ɗan wana kuwa sai ka yini da shi ba ka ji kalma goma ba. Na yi watanni ina juya maganar ban yanke ba. In na ba ɗana, za a ce na fifita nawa. In na ba ɗan wana, ban san cikinsa ba.

Ana cikin haka, wata Laraba malaminmu ya zo da wani littafi mai bango kore. Saurayi ne, bai kai ɗana ba, kowa a ajin Baba yake ce masa. Ya ce yau tatsuniya zai karanta mana ta mutanen ƙasar Sin. Ga yadda take a taƙaice. Wani sarki ya tsufa ba shi da magaji. Ya tara yaran ƙasarsa, ya ba kowa ƙwayar iri ɗaya, ya ce a je a shuka a tukunya, bayan shekara kowa ya kawo abin da ya fito. Shekara ta cika, yara suka zo da tukwane cike da furanni, sai yaro ɗaya da ya zo da tukunya babu komai sai ƙasa, yana jin kunya. Sarki ya ce wannan ne magajinsa, domin duk irin da ya raba sai da ya dafa shi. Waɗanda nasu ya fito, musanyawa suka yi.

Sai wani mahauci da ke zama a bayana, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ɗaga hannu.

"Malam, shekara guda yaron nan yana ba tukunya ruwa?"

"Haka aka rubuta, Baba."

"To Allah ya ba shi lafiya. Mu nan kwana bakwai in ba ka ga tsiro ba sai ka tona. Wannan in ya hau sarauta, rijiya za ta ƙafe yana jefa guga."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na juya na ce masa ba wurin wasa muka zo ba, kuma ko bai iya noma ba ai bai yi ƙarya ba. Mahaucin ya ce, "Afuwa, Alƙali." Haka yake kirana tun farkon zuwanmu.

Malam ya ce kowa ya rubuta layi biyar a kan darasin da ya ɗauka. Na yi kwana biyu a kan nawa. Na rubuta cewa sarkin nan mai hikima ne, ya san ba a gane mai gaskiya sai an gwada shi, kuma duk mai son ya ba da amana ya yi koyi da shi. Malam ya ja mini alama da jan biro, ya rubuta "Da kyau" a ƙasa. Wannan ne karo na farko da aka rubuta mini haka. A kan babur, a hanyar gida, na gama yanke abin da zan yi.

Na tsara shi daki-daki. Na jira ranar da matan gida suka tafi suna a maƙwabta da safe. Na ɗebo gyaɗar iri tiya huɗu, ɓararriya, daga mafi kyawun abin da nake da shi. Na hura wuta, abin da na manta rabon da in yi, hayaƙi ya cika mini ido. Ruwa ya tafasa, na zuba gyaɗar, na ƙirga ɗari, na tsame. Na kai ta soron da nake ajiye garma, na baza a tabarma a inuwa, na kulle. Kwana shida ina juya ta har ta bushe. Na cuɗa ta da toka kamar yadda na saba. Da na duba, ni kaina ban ga bambanci ba.

Mai ɗakina ce kawai ta lura da wani abu. Da suka dawo daga sunan ta ce, "Malam, wa ya taɓa mini babbar tukunya?"

Na ce ruwan gasa gwiwa na dafa. Ƙaryar farko ke nan. A lokacin ban lissafa ta a ƙarya ba.

Ruwa ya sauka, aka rufe aji, muka shuka geron gandu. Da ƙasa ta jiƙu sosai na kira su biyun zaure. Na ba kowa tiya biyu a ƙwarya. Na ce, "Wannan irin na dabam ne. Kowa ya shuka a gayaunarsa, kada ya haɗa da wani. Ina son in ga hannun kowa." Ɗana ya ce to, ya ɗauka ya fita. Ɗan wana ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa."

Washegari da hantsi na fito, sai na hango ɗan wana a kan tsanin rumbun irina, yana ɗaga jinka yana leƙawa. Ba wanda ke taɓa wannan rumbun sai ni. Na tsaya na ce, "Kai, me kake nema a nan?"

Ya sauko ya durƙusa. "Jinkar nake dubawa, Baffa. Na ga kamar ta zame ta gabas."

"Na sa ka?"

"A'a, Baffa."

Na ce ya bar wurin. Da yamma na ga an ɗaura sabuwar ciyawa a gefen gabas ɗin. Ban yi godiya ba. Na riƙe abin a raina a matsayin alama ta farko, mutum yana leƙa rumbu tun ba a ba shi ba.

Kwana tara da shuka, ɗana ya shigo zaure da ƙasa a hannunsa. Ya buɗe tafinsa, ga gyaɗa ta ruɓe ta yi baƙi.

"Baba, irin nan bai fito ba. Ko ɗaya. Na tona wuri biyar, duk haka suke."

Na ce, "Ka tabbata ba zurfi ka yi ba?"

"Yau na fara shuka gyaɗa? Irin ne ba shi da rai."

Na ce ya je ya sa wake tun lokaci bai ƙure ba. Da ya fita na ji wani sanyi a ƙirjina. Zan faɗi gaskiya a nan, domin don ita nake wannan rubutu: na ji daɗi fiye da yadda ya kamata. Ashe tun farko shi nake so, hujja kawai nake nema.

Da la'asar na dogara sanda na tafi gayaunar ɗan wana. Tun daga nesa na ga layuka kore, a jere, babu giɓi. Yana tsaye a ciki yana cire ciyawa. Na zagaya gonar sau ɗaya, sannan na tsaya.

"Wannan irin da na ba ka ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya sa albarka a ciki, Baffa."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya ƙara sunkuyar da kai. Na juyo gida da hukuncina a hannu. Na aika a faɗa wa kowa cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina son ganin mazan gidan a zaure, tare da ƙannena biyu da ke unguwar gaba. Nufina in ba da labarin sarkin Sin, in bayyana abin da na yi, in miƙa gandu ga ɗana, in bar ɗan wana ya ji kunyarsa a gaban kowa. Har jerin maganar na shirya, abin da zan fara da shi da abin da zan rufe da shi.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune a zaure ina shafa man zafi a gwiwa, sai mahaifiyar ɗan wana ta yi sallama. Matar wana ce, ta girme ni, kuma akwai wasa tsakaninmu tun ina saurayi. Tun da na shiga aji ta sa mini suna ɗan boko. Ta zauna a bakin ƙofa ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Ɗan boko, an ce gobe kana da taro."

"Haka ne, Yaya."

"To kafin taron, kunun gyaɗar da na aiko maka makon jiya, ya yi daɗi?"

Na ce ya yi.

"Madalla. Irinka ka sha."

Na ajiye kwalbar man. Ta ce ranar da na ba su irin, yaron ya shigo sashensu da ƙwarya, ya goge ƙwaya ɗaya a riga ya tauna, kamar yadda ubansa yake yi da yana raye. Ya tauna ta biyu. Sai ya zauna a ƙasa. Ya ce mata wannan gyaɗar ta sha ruwa, ba za ta fito ba. Ya ce ko dai rumbun Baffa yana yoyo bai sani ba, ko kuma idonsa ya fara rauni har ya kasa gane mataccen iri.

"Na ce masa to ka je ka faɗa masa mana. Ya ce, 'Inna, da wane baki? In ce wa Baffa irinsa ya mutu? Shi da ake zuwa daga Dutsi neman iri a wurinsa? In maganar ta fita, shekara talatin ɗinsa ta ajiyar iri ta tafi.' Shi ne ya je ya duba maka jinka, ka kore shi kamar ɓarawon kaji."

Na ce, "To irin da ya shuka fa?"

"Nawa ne. Wanda na ajiye don 'yar gonata ta bayan gida. Bana ba ni da gyaɗa, sai kuɓewa." Ta gyara mayafinta. "Ya je wurin ɗan'uwansa ma, ya ce ya kawo nasa a musanya masa a ɓoye. Shi kuma ya ce abin da Baba ya ba shi, shi zai shuka, ko dutse ne. To ka ji. Ni abin da ya kawo ni, tun jiya yaron nan bai ci abinci ba. Ya ce ka tambaye shi a gona, ya kasa yi maka ƙarya, ya kasa faɗa maka gaskiya. In rumbunka ne ke yoyo, ka faɗa mana a gyara, ba wanda zai ji."

Na ce, "Rumbun lafiyarsa lau, Yaya. Ni na dafa ta."

Ta dube ni. "Ka dafa iri?"

"Na dafa."

"Da hankalinka?"

Na ba ta labarin sarkin Sin, a gajarce, kuma tun ina faɗa nake jin yadda yake fita daga bakina ba daɗi. Ta saurara har ƙarshe. Ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta.

"Shi sarkin naku bai san yaran ba, shi ya sa. Kai kuwa a gabanka aka yi musu kaciya." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Marigayi wanka bai yi boko ba, amma bai taɓa dafa iri ba."

Yinin ranar na yi shi a zaure ina bin abin tun daga farko, kamar yadda nake bin layin shuka in ga inda aka tsallake. Na sami wurare uku. A tatsuniyar, yaran ba su da abin da za su rufa wa sarki, burinsu sarauta. A gidana kuwa ɗan wana bai ma san ana raba wani abu ba, asirina yake rufewa. A tatsuniyar, ƙwaya ɗaya aka ba kowa a tukunya. Ni tiya huɗu na kashe, na sa ɗana ya yi asarar kwana tara na damina, na hana tsohuwa gyaɗarta. Na uku shi ya fi tsaya mini. Duk cikin mutanen da abin ya shafa, mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne. Ni ne na ce ruwan gasa gwiwa, ni ne na ce iri na dabam, ni ne na tambayi ɗana ko zurfi ya yi alhali na san dalili. Na yi ta sauraron wa'azi a kan masu algus a kasuwa ina gyaɗa kai, ga shi na yi wa 'ya'yana algus a zaurena.

Ban soke taron ba, tunda na riga na kira shi. Bayan Juma'a suka zo suka zauna. Na bi jerin da na shirya, sai dai na canza ƙarshensa. Na faɗi tatsuniyar, na faɗi abin da na yi da tukunya, na faɗi abin da kowannensu ya yi. Na ce na yi kuskure, ina neman gafarar su biyun da ta Yaya. Ƙanena ƙarami ya fara dariya, na dube shi ya daina.

Sannan na ce gandu na ɗan wana ne daga bana, domin wanda ya gane mataccen iri da haƙorinsa, ya kuma hau ya duba jinka ba a sa shi ba, shi ya kamata ya riƙe rumbu. Amma na kafa masa sharaɗi ɗaya a gaban kowa.

"Daga yau in ka ga abu ya lalace, ko nawa ne, ka zo ka faɗa mini a fuskata. Mai gandu ba ya shiru. In da rumbun ne ke yoyo da gaske, da na sayar wa mutane mataccen iri kana kallo."

Ya ce, "Na ji, Baffa."

Ɗana ya jira sai da kowa ya watse. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

"Baba, gandu ba ya damuna, ya fi ni iya noma, kowa ya sani. Amma ashe ni ma sai an dafa mini gyaɗa kafin a san ko ina ƙarya?"

Ya fita. Duk daminar nan yana gaishe ni safe da yamma, yana aikinsa, amma hirar da yakan zauna ya yi mini bayan isha ta tsaya. Sai bayan an yi girbi ta dawo, a hankali, kuma ba ta koma kamar da ba sai da aka shekara. A kakar na auna gyaɗa daga tawa na kai wa Yaya da kaina. Ta karɓa, ta tauna ƙwaya ɗaya a gabana kafin ta ce ta gode.

Da aka buɗe aji bayan kaka, na je da tsohon littafina. Na buɗe shafin da ke da jan biro na ce wa malam ina son in sake wannan aikin.

"Baba, ai ka ci wannan. Mun wuce wurin."

"Ni ban wuce ba."

Ya ba ni izini. Na rubuta a ƙasan na farkon, ban goge shi ba. Layi biyar aka ce, nawa ya kai takwas. Na rubuta cewa yaron mai tukunya ya yi gaskiya, ban janye wannan ba. Amma ba a faɗa mana abin da ya sa kowane ɗaya daga sauran yaran ya musanya irinsa ba, kuma mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda ya ji nauyin ya ce wa sarki irinsa ya mutu. Na rubuta cewa da sarkin ya zauna da yaran ya san su, da bai buƙaci wuta ba.

Malam ya karanta sau biyu. Ya riƙe jan biron bai sa alama ba.

"Baba, wannan ba ya cikin amsar da ke littafin malamai. Ban san makin da zan ba shi ba."

Na ce ba maki na zo nema ba, ya duba mini rubutun kawai. Ya gyara mini kalma biyu da na manta ƙugiyarsu. Mahaucin yana leƙe ta kafaɗata, ya ce, "Alƙali, kai da sarkin Sin kun ɓata ne?"

Na ce masa ya duba littafinsa.